Mota Na Yin "Gwaf" Idan An Taka Totur: Tambayoyi Da Amsoshi Ga Masu Hilux Da Jif

Masu Hilux, Prado, Pathfinder da sauran manyan motoci masu furofela (dogon ƙarfen nan mai juyawa a ƙarƙashin mota da ke kai ƙarfi zuwa tayoyin baya) sun fi kowa zuwa gareji da wannan ƙorafi: "Oga, da na saki birki na taka totur sai in ji gwaf a ƙarƙashi." Wani ya ce kamar an daki motar ta baya, wani ya ce kamar an jefa dutse cikin garwa. Na daɗe ina kwanciya a ƙarƙashin irin waɗannan motoci, kuma tambayoyin nan an maimaita min su har na haddace. Na tara su wuri ɗaya don mai mota ya shiga gareji da idonsa a buɗe.

Me ke kawo wannan ƙarar tun asali?

Ka tuna yadda ake jan motar da ta mutu da igiya. In igiyar a miƙe take, tafiya lafiya lau. In ta saki, ta gaba ta tashi, sai ta baya ta ji fizga. Abin da ke faruwa a ƙarƙashin motarka ke nan. Ƙarfin inji yana bi ta giyabos, ya shiga furofela, ya isa bak aksil (akwatin giyoyin da ke tsakanin tayoyin baya), sannan ya kai ga taya. Kowace mahaɗa a wannan hanya an ƙera ta da 'yar rata ƙanƙanuwa. Idan ƙarfe ya cinye ko roba ta yage, ratar sai ta buɗe. Ka taka totur, ƙarfe ya ruga ya cike ratar, ya daki ɗan'uwansa. Ka saki totur, ya koma ya daki ɗaya ɓangaren. Wannan dukan shi kake ji.

Saboda haka aikin bakanike a nan ɗaya ne: ya nemo inda ratar take. Kuma rata da hannu ake kama ta, ba da hasashe ba. Duk wanda ya tsaya a gefen mota hannu a aljihu ya ce maka "giyabos ne", bai duba komai ba tukuna.

Me ya kamata in lura da shi kafin in je gareji?

Lokacin da ƙarar take fitowa ya fi yadda take sauti muhimmanci. Ka samu fili ko layin da babu cunkoso, ka kashe rediyo da na'urar sanyi, ka sauke gilasai. Ka taka birki, ka sa D, ka saurara. Ka mayar R, ka saurara. Sannan ka tashi a hankali, kana cikin tafiya ka saki totur gaba ɗaya, ka sake takawa. In gwaf ɗin yana zuwa duk sa'ad da ka taka ko ka saki, matsalar tana kan hanyar da ƙarfi ke bi, ko a robobin da ke riƙe da inji da aksil. In kuwa sai ka faɗa rami ko ka hau tudun rage gudu take fitowa, to ka fi karkata ga shoka, bol-join da robobin ƙafa, wannan kuma wani babi ne daban.

Ka lura da ko sau ɗaya take yi ko tana maimaituwa. Mai yin sau ɗaya rata ce. Mai maimaituwa, ƙwas-ƙwas-ƙwas, tana ƙara sauri da gudun mota, wani abu ne mai juyawa ya lalace. Ka sa wani ya zauna a kujerar baya ya gaya maka ko ƙarƙashin ƙafarsa yake jin ta ko can baya. Direba kan ruɗe, domin ƙarfen shasi yana ɗauko sauti daga baya ya kawo gaba.

An ce min kuros ne. Mene ne shi, kuma yaya zan tabbatar?

Kuros shi ne ɗan ƙarfen nan mai ƙafa huɗu da ke kowane ƙarshen furofela, wanda ke ba ta damar juyawa ko da aksil yana hawa yana sauka. Kowace ƙafa tana da hula, a cikin hular akwai siraran ƙarafa kamar allurai suna iyo cikin giris. Muddin da giris, kuros kan daɗe ƙwarai. Ranar da giris ya bushe, ko ruwa da ƙura suka shiga, alluran nan sai su fara niƙa junansu har su koma gari.

A motoci masu jan baya shi ne na farko da nake zargi, kuma alamunsa suna zuwa daki-daki. Da fari za ka ji ƙii-ƙii-ƙii kamar kukan ɓera idan kana tafiya a hankali, musamman da baya. Mutane da yawa ba sa kula da wannan. Daga nan sai gwaf idan ka sa D ko R. Daga ƙarshe sai karkarwa a ƙarƙashin kujera idan ka ɗauki gudu.

Ga yadda ake dubawa. A ajiye motar a shimfiɗaɗɗen wuri, ko a kan ramin gareji. A kashe inji, a ja hambirki, a sa waigi gaba da bayan taya, sannan a mayar da giya firi. Wannan na ƙarshen yana da muhimmanci: in motar tana P ko cikin giya, nauyinta kan ɗaure furofela tamau, mataccen kuros ya yi kamar lafiyayye. Sai ka kama furofela da hannu ɗaya, ka kama ƙarfen da ke ɗaya gefen kuros ɗin da ɗaya hannun, ka murɗa su saɓanin juna. Ka kuma tura sama da ƙasa. Lafiyayyen kuros ba ya motsi ko kaɗan a tsakaninsa. Ka haska tocila a gindin hulunan: in ka ga jan gari kamar na tsatsa ya fito, ko da bai yi girgiɗi ba, ya mutu. Akwai kuma wanda ba ya sakin jiki, ƙagewa yake yi, shi sai an sauke furofela an lanƙwasa shi da hannu za a ji yana tauri.

Kada wanda ya shiga ƙarƙashin mota tana kan jak kaɗai. Ina maimaita wannan ga yarana kullum, kuma ba na gajiya.

Idan na tsaya a danja, da na tashi sai in ji kamar an buga min ta baya. Kuros kuma lafiyarsa ƙalau. To mene ne?

Wannan ciwon Prado ne da Land Cruiser da Hilux, har da manyan akori-kura na Amurka irin su Silverado. Furofela ba ƙarfe ɗaya ba ce sandararriya. Tana da wani wuri mai haƙora a tsaye inda take zurma cikin kanta, ta tsawaita ta gajarta yayin da aksil ke motsi. Idan ka taka birki, hancin mota ya duƙa, bayanta ya ɗaga, furofela ta ɗan canja tsawo. In haƙoran nan sun bushe sai su maƙale a haka. Ka tashi, ƙarfi ya zo, su saki lokaci guda: dam. Wani lokacin ma kafin ka taka totur, da ɗaga ƙafa daga birki kawai.

Maganinsa sau da yawa giris ne, ba wani abu ba. A Prado da Land Cruiser yawanci akwai bakin giris shida, uku a furofelar gaba, uku a ta baya: biyu na kuros, ɗaya na wurin zurmawar nan. Ka tambayi kanka yaushe rabon da a sa musu famfon giris. Galibin masu juyen baƙin mai a bakin titi ba sa waiwayar wurin. Ni na fi son a yi shi duk juyen mai, kuma Toyota da kanta ta rubuta a jadawalin kula da irin waɗannan motoci cewa in furofela ta nutse a ruwa a sa mata giris cikin awa 24. Mai ratsa rafi da damina ya riƙe wannan.

Sai dai a yi hattara. A kuros ana bugawa har sai sabon giris ya leƙo ta hulunan huɗu. A wurin zurmawa ba haka ba ne. Ina yaron gareji na taɓa duƙufa ina ta bugawa, ina jiran in ga ya fito, ashe na cika ramin taf har furofela ta kasa gajarta. Mai motar bai kai bakin titi ba ya dawo yana cewa bayanta ya sandare kamar amalanke. Sai da maigidana ya kwance bakin giris ɗin, muka hau baya muna tsalle, giris yana fita kamar man goge baki. Bugu kaɗan ya isa. Da ka ga furofelar ta fara miƙewa ka tsaya. In an yi giris ƙarar ta tafi ta dawo bayan 'yan makonni, sai a zare wurin, a wanke tsohon da ya daskare, a shafa sabo da hannu.

Inji sit fa? Yaya ƙararsa take?

Inji da giyabos a kan robobi suke zaune, waɗanda muke kira inji sit da giya sit. Idan ka taka totur, injin yana ƙoƙarin murɗawa gefe guda, robar ce ke riƙe shi. In ta rabu, sai ya ɗaga ya faɗo. Ƙararsa mai nauyi ce, tim, daga gaba, kuma kana iya ganin sandar giya ta yi tsalle a mota mai giyar hannu.

Gwajin ba wuya. A buɗe bonet. Mutum ɗaya ya zauna ciki, ya ja hambirki, ya danne birki da ƙarfi, ya sa D, ya ɗan taɓa totur na daƙiƙa biyu. Sannan ya yi haka a R. Mai kallo ya tsaya a gefe, ba a gaban mota ba, ba a bayanta ba. Ɗan motsi kaɗan daidai ne. Amma in ka ga inji ya yi wuf ya ɗaga kafaɗa, an gama magana. Wasu sit ɗin mai ne a cikinsu. In ka ga baƙin ruwa ya zubo a jikinsu, sun fashe.

Abu ɗaya da ake mantawa: baƙin mai yana cin roba. In injinka yana yoyo a kan sit, ka sa sabo ba ka toshe yoyon ba, za ka dawo.

Na murɗa furofela da hannu, ta juya kaɗan kafin ta tsaya. Bak aksil ɗina ya lalace ke nan?

Ba lallai ba. A nan ake yi wa mutane da yawa asara. Kowane bak aksil yana da rata, domin haƙoran ciki ba za su yi aiki ba in an matse su. A yawancin aksil ɗin Toyota ratar da ke tsakanin babban faranti mai haƙora da ƙaramin da ke tura shi ba ta wuce milimita 0.13 zuwa 0.18 ba. Amma abin da hannunka ke ji a furofela ba wannan kaɗai ba ne. Ya haɗa da ratar ƙananan giyoyin ciki da ta haƙoran sandunan da ke zuwa taya. In an tara su sai su yi kamar da yawa. Tsohuwar mota mai giyar hannu za ta riƙa ɗan ƙwas in ka saki kuloci da gaggawa, kuma za ta yi shekaru a haka.

Abin da ke nuna ciwo na gaske shi ne gwaf ya haɗu da wani abu. Kuka, wuuu, da ke tashi in ka taka totur ya ɗauke in ka saki, ko akasin haka. Mai yana tsiyaya a inda furofela ta haɗu da aksil. Farantin wurin yana motsi sama da ƙasa in ka girgiza shi, alhali juyawa kawai ya kamata ya yi. Sannan ka sa a kwance notin juye man: yana da maganaɗisu a kansa. Laushin baƙin gari kamar kwalli ba komai ba ne. Ɓarɓashin ƙarfe da kake ji a yatsa, shi ne labari mara daɗi. In man ya fito fari-fari kamar koko, ruwa ya shiga, yawanci ta ɗan bututun numfashi da ke saman aksil, lokacin da aka tsoma shi da zafinsa cikin ruwa.

Man aksil daban yake da na inji. Ana neman mai alamar GL-5, kaurinsa kuma a duba littafin motar. Tsofaffin Hilux da yawa 80W-90 ko 85W-90 suke sha, sababbi kuma sun koma mai ɗan tsinkewa. Kuma kada ka yarda wani ya ɗauko dogon bututu ya ɗaure babban notin bakin aksil da sunan kashe rata. A bayan notin nan akwai zoben da aka auna matsinsa. In aka wuce ƙa'ida boris zai ƙone, ka tashi daga ƙaramar ƙara ka koma neman aksil sukutum.

Motata ta ɗaukar kaya ce, tana shiga ƙauye. Akwai abin da ya shafe ni musamman?

Akwai, kuma shi ne sifirin. Hilux da ire-irenta a kan sifirin mai ganye suke, aksil kuma an ɗaure shi da wasu ƙusoshi masu lanƙwasa guda biyu kowane gefe. Idan ka taka totur, taya na juyawa gaba, kwanson aksil yana son juyawa baya. In ƙusoshin nan sun saki, ko ƙusar tsakiya da ta tsire ganyayen ta karye, sai aksil ya riƙa zamewa gaba da baya.

An taɓa kawo min wata Hilux da ke jigilar buhunan masara ranar kasuwa. Mai ita ya riga ya canja kuros biyu da giya sit, ƙara tana nan. An bar jaki ana dukan taiki. Na ce yaro ya ja ta a miƙe zuwa bakin gareji, na tsaya a baya ina kallo. Sai ga ta tana tafiya a karkace kamar kare mai gudu. Na auna da tafin hannu tsakanin taya da bakin bodi: hagu yatsu huɗu, dama har da babban yatsa da saura. Muka leƙa, ga wurin da aksil ke zama a kan sifirin ya yi ƙyalli fes saboda gugar ƙarfe. Ƙusar tsakiya ta gutsure. Kuɗin ƙusar bai kai rabin kuros ɗaya ba.

Ka duba har da robobin da ke idon sifirin gaba da baya, da ganyen da ya tsage. Prado, Fortuner da Land Cruiser na gida kuwa sifirin ɗinsu na baya naɗaɗɗe ne, sanduna ne ke riƙe aksil, kowace da bushin na roba a kawunanta biyu. Ana sa ƙarfen taya a ɗan ɓanɓara a gani ko robar ta rabu da ƙarfenta. Wanda ya ɗaga motarsa ta yi tsawo ba tare da gyara kusurwar furofela ba, shi ma ya sani kuros ɗinsa ba zai yi tsawon rai ba.

Ni Highlander gare ni. Duk wannan bayani ya shafe ni?

Rabi. Highlander, RAV4, Lexus RX, CR-V da Pilot injinsu a gicciye yake, asalinsu masu jan gaba ne, ko da wasunsu suna da furofela zuwa baya. A cikinsu ka fara da ɗan sit ɗin sama mai kama da ƙashin kare, wanda ke hana inji kifawa gaba da baya. Da ka buɗe bonet a Highlander ko RX za ka gan shi a gefen inji, kuma yana yawan yagewa. Sai shaf, wato sandunan da ke kai ƙarfi daga giyabos zuwa tayoyin gaba. Kan shaf na waje, na wajen taya, shi ke ƙas-ƙas-ƙas in ka karya sitiyari kana tafiya. Na ciki, na wajen giyabos, shi ke gwaf ko karkarwa in ka taka totur a miƙe, ka saki ta lafa. Ka duba robar da ta rufe su: in ta yage, za ka ga giris ya fantsama a kewaye. Sai babban bushin na ƙafar ƙasa, wanda ke barin taya ta matsa gaba da baya. A masu jan taya huɗu, robobin da ke rataye da ƙaramin aksil na baya su ma sukan mutu.

Mai CR-V da ke jin gurnani a baya in yana juyawa a hankali, ya fara da canja man aksil na baya, kuma ya nemi na Honda da aka yi don wurin. Man aksil na gama-gari ba ya yi masa.

Sai na sa ogzilari (giyar jan taya huɗu) nake jin ƙarar. Me ya sa?

Ya danganta da inda ka sa shi. Hilux mai H2, H4 da L4 ba a yi H4 ɗinta, wato jan taya huɗu, don busasshiyar kwalta ba. Tayoyin gaba da na baya a kulle suke tare, alhali a kwana na gaba sun fi yin tafiya mai nisa. A yashi ko taɓo taya na ɗan zamewa ta huce. A kwalta babu zamewa, sai ƙarafa su ɗaure, sitiyari ya yi nauyi, ka ji bam in sun saki. Haka Prado in aka bar makullin tsakiya, mai kulle tayoyin gaba da na baya tare, a kunne. Wannan ba lalacewa ba ce, amma hanyar lalacewa ce.

In kuwa a yashi ne ko hawan tudu kake jin fas-fas-fas da zarar mota ta ɗauki nauyi, sarƙar da ke cikin akwatin ogzilari ta miƙe tana tsallake haƙora. Ka duba kuros ɗin furofelar gaba ma, shi aka fi mantawa da shi. Tayoyi masu girma daban-daban a mota mai jan huɗu su ma suna wahalar da akwatin nan.

Bakanike ya ce a sauke giyabos. In yarda?

Ba yanzu ba. Giyabos na iya zama sanadi, amma shi ne mafi tsada, kuma a cikin abin da nake gani shi ne mafi ƙarancin laifi. Ka ce ya nuna maka, kana tsugune kusa da shi, cewa kuros, sit, bushin da aksil duk lafiya suke. Gani ya kori ji.

In an wuce nan, a duba silo, wato gudun inji idan mota na tsaye ba a taka totur ba. Inji mai zafi ya kamata ya zauna wajen 600 zuwa 800 a agogon juyawa. In yana sama da haka, duk sa'ad da ka sa D motar za ta zabura, laifin kuma na inji ne. A duba man giya, yawansa da launinsa da warinsa. Mai ƙauri kamar ƙonannen abu alama ce mara kyau. A tabbatar irin man da aka zuba shi ne nata. Toyota tana da T-IV tana da WS, ba a musanya su, kuma sau da yawa a rubuce yake a kan sandar awo ko a littafi. Sannan a sa kwamfuta a karanta. Ciwon giyabos na gaske ba ya zuwa shi kaɗai: za ka ga jinkiri kafin giya ta shiga, ko inji ya yi ihu mota ba ta ja, ko duka a daidai lokacin canjin giya.

Ko injin ne ke nokin?

Sautinsu daban. Ƙarar inji tana bin juyawar inji: ka sa firi ka taka totur, in tana nan, ta inji ce. Gwaf na ƙarƙashi ba ya fitowa sai mota na cikin giya. Ƙaramar ƙara kamar tsakuwa cikin gwangwani a hawan tudu, a motar fetur, galibi gurɓataccen mai ne ko zafi. Mai nauyi, dum-dum-dum, tare da fitilar baƙin mai, ka kashe motar a inda take.

Akwai ƙananan abubuwan da zan duba da kaina ba tare da sifana ba?

Safaya tukuna. A Hilux a ƙarƙashi take rataye da sarƙa. Ka tokare ta da ƙafa, in ta yi lilo ka ɗaure. Jak da ƙarfen taya a bayan kujera. Batir da ba a ɗaure ba. Salansa: in ta huce ka girgiza wutsiyarta, in robar ratayarta ta tsinke za ka ji tana dukan shasi. Notocin taya, musamman in kwanan nan ka je wurin mai faci. Akwai kuma ƙwas guda ɗaya da wasu motoci ke yi da safe a tashin farko, na'urar birkin ABS ce ke gwada kanta. Wannan ba ya bukatar magani.

Zan iya ci gaba da hawa har ƙarshen wata?

Bushewar wurin zurmawa, robar salansa, ɗan ratar tsohon aksil: waɗannan za su jira albashi. Inji sit zai ɗan jira in kana tuƙi a hankali, amma yana jan tiyon ruwa da wayoyi, har fanka kan taɓa gidanta.

Kuros mai girgiɗi ba ya jira, balle in karkarwa ta fara. In na baya ya tsinke, furofela za ta riƙa dukan duk abin da ta samu, tankin mai da bututun birki na nan kusa. In na gaban furofelar, na wajen giyabos, ya tsinke ya fi muni, domin kan furofela zai faɗo ya caki kwalta mota na gudu. Kada ka hau hanyar Kano zuwa Kaduna da irin wannan. Haka karyayyiyar ƙusar sifirin, da sakakkun notocin taya, da aksil mai kuka da ɓarɓashin ƙarfe.

Wasu na cewa a cire furofelar baya a huta. Shawara ce?

An saba yin haka a Highlander, RX da CR-V masu jan huɗu, wai har shan mai ake ragewa. Ƙarar takan tafi, gaskiya ne, amma ka sayi mota mai jan huɗu ka mayar da ita mai jan biyu, ga nauyin aksil ɗin baya kana ɗauke da shi a banza. A waɗanda ke jan huɗu kullum kuwa, cire ta na ɗora wa na'urar rabon ƙarfi ta tsakiya aikin da ba nata ba. Dalilin da ya sa ake yi shi ne kuros ɗin wasu daga cikinsu a daƙe yake daga kamfani, ba a yi shi don canjawa ba, sai dai furofela sukutum. Ni na fi son a nemo lafiyayyiyar ta Beljiyam a mayar. Mai sayen irin waɗannan motoci hannu na biyu ya leƙa ƙarƙashi. Ba ɗaya ba ba biyu ba na ga an saya babu furofela, mai ita bai sani ba.

Sabo zan saya ko na Beljiyam?

Ƙarfe babba, kamar furofela ko aksil, na Beljiyam mai kyau ya fi sabo na jabu. Roba da kuros kuwa sabo na asali, domin tsohuwar roba ta riga ta sha shekarunta a can. A kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano ko Fanteka ta Kaduna za a ɗauko maka kuros kala uku a kwali iri ɗaya. Ka je da tsohon a hannu, a gwada faɗin hula da tsawonsa, ka zare hula ɗaya ka ga alluran a jere suke cif. Araha ba ta ado. Sit ɗin da aka cusa wa robar taya zai hana gwaf, amma zai kawo maka karkarwar inji har cikin sitiyari. Walda a kan hular kuros kuwa kada ka bari: zafi na ƙona giris da robar da ke tsare shi tun kafin motar ta bar gareji.

An canja kuros, gwaf ya tafi, amma yanzu motar na karkarwa a gudu. Me aka yi ba daidai ba?

Kusan kullum wajen mayarwa ne. Furofela an daidaita nauyinta tun daga kamfani, kuma kunnuwan kuros na gaba da na baya dole su kalli layi ɗaya. In aka zare wurin zurmawa aka mayar da shi ya goce da haƙori ɗaya ko biyu, karkarwa ta samu. Shi ya sa kafin a kwance ake yin alama da fenti ko alli a kowace mahaɗa. In ba a yi ba, a sauke ta a shimfiɗa a ƙasa a daidaita kunnuwan da ido. A duba ko allura ɗaya ta kwanta a gindin hula lokacin bugawa, wanda ke hana zoben kulle zama a raminsa, da ko guduma ta lotsa bututun ko ta fizge ɗan ƙarfen ma'auni da ke manne a jikinsa. A Hilux mai furofelar baya mai gaɓa biyu, senta boris da ke tsakiya yana da sama da ƙasa, kuma ba a ƙarasa ɗaure notocinsa sai motar tana tsaye a kan tayoyinta.